Yadda Ake Gano Awon Albarushin da Bindigar Ƙanƙara Take So

Maƙeri ɗaya zai iya ƙera bindigogin ƙanƙara biyu a wata ɗaya, faɗin baki ɗaya, tsayi ɗaya, amma ka tarar wannan ta fi tara harsasanta wuri guda da albarushi giren 65 (giren ƙaramin ma'aunin nauyi ne), waccan kuwa sai an kai ta 80 take natsuwa. Babu takardar kamfani da za ta gaya maka wannan. Takarda iyakarta ta gaya maka inda ba za ka wuce ba. Sauran aikin naka ne, a filin harbi, da ma'auni da littafin rubutu.

Bindigar da nake magana a kai ita ce doguwar bindigar Amurka mai tsagi a cikin bututu, wadda maƙeran Jamusawa da suka zauna a yankin Lancaster na jihar Pennsylvania suka fito da siffarta a ƙarni na 18, daga baya ta yi suna da bindigar Kentucky. Ta baki ake ɗura ta. Idan aka ja kunama, ƙanƙara, wato dutsen ƙyasta wuta, ta ƙyasta ƙarfe, tartsatsi ya faɗa cikin ɗan kasko mai ɗauke da albarushi kaɗan, wutar kaskon ta bi wata ƙaramar kafa ta kunna babban ɗurin da ke ciki. Har yau tana da masoya. Ƙungiyar masu harbi da bindigar ɗuri ta Amurka, wadda aka kafa a 1933, tana taron gasa sau biyu a shekara a garin Friendship na jihar Indiana, kuma tun 1974 jihar Pennsylvania take ware lokacin farautar barewa bayan Kirsimeti wanda ba a yarda da kowace bindiga a cikinsa ba sai ta ƙanƙara. A hannun waɗannan mutane wannan gwaji ya zama ilimi mai tsari.

Akwai abin da dole in faɗa kafin a ci gaba, domin mai karatu Bahaushe zai tuna da adakar maharba da ta 'yan bindigar hawan Sallah. Dangi ne, babu shakka. Ƙanƙarar da ake sassaƙawa a garin Brandon na Ingila ta daɗe ana kawo ta Afirka ta Yamma saboda irin waɗannan bindigogi. Amma adaka cikinta sumul yake, ba tsagi, kuma wadda aka haɗa da bututun ruwa ko wani ƙarfen da ba a san asalinsa ba babu wanda ya auna iyakar abin da za ta ɗauka. Gwajin da ke ƙasa, na ƙara albarushi hawa-hawa, ba a yin sa a kan irin wannan bututu, domin ranar da aka gano iyakarsa ita ce ranar da zai fashe a hannu. Wannan jagora na bindigar da aka ƙera da ƙarfen bindiga ne, wadda maƙerinta ya rubuta iyakar ɗurinta, a hannun mai izinin riƙe ta bisa dokar ƙasarsa.

Abin da za ka tara

Baƙin albarushi na asali, gwangwani ɗaya da zai ishe ka gwajin duka. Ana rarraba shi da girman ƙwaya: Fg shi ne mafi gautsi, sai FFg, sai FFFg, sai FFFFg mai laushi wanda na kasko ne kawai. An saba ba bindiga mai faɗin baki .45 (da inci ake auna shi) zuwa ƙasa FFFg, mai .54 zuwa sama FFg, mai .50 kuwa tana cin kowanne. Goex na Amurka, Swiss na Suwizalan da Schuetzen na Jamus su ne sunayen da aka fi gani. Irin su Pyrodex da Triple Seven, da aka yi don maye gurbin baƙin albarushi, suna buƙatar zafi mai yawa kafin su kama, don haka tartsatsin ƙanƙara ba ya kunna su yadda ya kamata. Albarushin zamani mara hayaƙi, wanda ke cikin harsasan bindigogin yau, ko ƙwaya ɗaya ba ta shiga wannan bindiga. Matsin da yake haifarwa ya fi ƙarfinta nesa ba kusa ba.

Sai ma'aunin albarushi mai ja da turawa, mai lambobin giren. Giren ɗaya kashi ɗaya ne cikin 7,000 na fam, wato kimanin giram 0.065, giren 70 ya kama giram 4.5. Sai ƙaramin sikeli, ƙwallayen darma, ƙyallen auduga zalla da ake naɗe ƙwallo da shi, man ƙyalle, sanda mai ƙarfi ta ɗuri da gajeriyar sandar fara turawa, sababbin ƙanƙaru, tsinken tsokale kafar wuta, buhunan yashi biyu, takardun hari masu yawa, tabarau da abin toshe kunne. Na'urar auna gudun harsashi ita ce ta ƙarshe, kuma ko babu ita rabin aikin yana yiwuwa.

Fara da wuta, ka bar albarushi tukuna

Yawancin waɗanda gwajinsu ya watse a nan ya watse. Tsakanin jan kunama da fitar harsashi akwai ɗan jinkiri, kuma idan jinkirin nan yana canzawa daga harbi zuwa harbi, kafaɗa da ido sai su motsa a cikinsa. Sai mutum ya ga harsasai sun warwatse ya ɗora laifi a kan giren 70, alhali ƙanƙararsa ce ta dakushe.

Ka ɗaura ƙanƙara mai kaifi a cikin 'yar fatar da ke riƙe ta a jikin bindiga, bakinta ya daidaita da fuskar ƙarfen ƙyastu daga gefe zuwa gefe. Ya kamata ta fara taɓa ƙarfen wajen kashi biyu cikin uku na tsayinsa daga ƙasa, ta kankaro shi zuwa ƙasa, ba ta doke shi gaba da gaba ba. Da bindiga babu komai a cikinta, babu komai a kasko, ka ɗana ka ja a wuri mai inuwa ka duba: tartsatsin ya zama mai yawa, kuma cikin kasko yake zuba. Kafar wuta ta yawancin bindigogin nan tana wajen inci 1/16. Ta wannan kafa iskar wuta take tsirtowa a kowane harbi, shi ya sa bindigar ƙanƙara kan ɗan gaza takwararta mai hular ƙarfe, wadda ke kunna ɗuri da 'yar hula a madadin ƙanƙara, a gudu ko da awonsu ɗaya, shi ya sa kuma ba a tsayawa a gefen kasko lokacin da wani ke harbi. Idan kafar ta cinye ta yi faɗi, gudun zai riƙa hawa da sauka, kuma babu awon albarushin da zai gyara wannan sai an canza ta.

Albarushin kasko kaɗan ya isa, kashi ɗaya cikin uku na kaskon ko ƙasa da rabi, kuma kada ya binne kafar. Idan ya binne ta sai wutar ta riƙa ci a hankali kafin ta isa ciki. Yawan da ka zaɓa, shi za ka riƙe har ƙarshen gwaji.

Ƙwallo da ƙyalle

Bari mu ɗauki mai faɗin .50, wato rabin inci. Ƙwallonta na yau da kullum .490 ne, nauyinsa kimanin giren 177, ko .495 ga mai son matsi. Darma zalla ake so, mai laushin da farce zai iya yi mata zane, domin sai ta yi laushi saƙar ƙyalle take kama ta. Ka ɗora ƙwallayen a sikeli ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya gaza 'yan uwansa da fiye da giren ɗaya, akwai yiwuwar kumfar iska a cikinsa, kuma ƙwallo mai rami a gefe ɗaya ba ya tafiya sak. Ka ware shi don wasa, kada ya shiga gwaji. Idan na zubi ne mai ɗan cibiya, cibiyar ta kalli sama, a tsakiya, kowane ɗuri.

Ƙyalle ne ke kama tsagi ya juya ƙwallon, shi ne kuma ke toshe wuta kada ta wuce ta gefe. Kaurinsa lissafi ne mai sauƙi. Ƙwallon .490 a bututun .500 ya bar .005 a kowane gefe. Idan zurfin tsagin .012 ne, to akwai .017 da za a cike. Ƙyalle mai kaurin .010 ba zai cika wannan ba, mai .018 zai cika ya kuma matse. Ni a ganina wanda ya sami ƙyallen da ya dace ya gama fiye da rabin aikin, domin bambancin ƙyalle mara kyau da mai kyau ya fi bambancin giren 60 da 70 bayyana a takarda. Ya zama auduga ko lilin mai saƙa a matse, a wanke shi sitacin ya fita. Duk yadin da ke da roba a ciki narkewa zai yi.

Ka san murɗin tsagin bindigarka ma. Mai juyi ɗaya a inci 66 ko 70 an yi ta ne don ƙwallo, kuma takan jure albarushi mai yawa ba tare da ta watsa ba, wani lokaci ma sai da yawan take shiryuwa. Mai juyi ɗaya a inci 48, musamman idan tsaginta ba zurfi, takan fi son matsakaicin awo.

Zana tsanin

Tsohuwar ƙa'idar farawa ita ce lambar faɗin baki ta zama lambar giren: .50 ta fara da 50, .45 da 45, .54 da 55. Iyaka ta sama kuwa abin da maƙeri ya rubuta ne, ba abin da abokinka yake zubawa a tasa ba. Tsakanin biyun sai ka yanka matakai goma-goma: 50, 60, 70, 80, 90. Ga ƙananan bindigogin kurege, .32 da .36, matakin giren 5 ya fi dacewa tun daga farko, domin goma a wurinsu tsalle ne babba.

Akwai wani lissafi da masu harbi ke kira na Davenport, wanda ya ce bututu na iya ƙona giren 11.5 a kowane inci ɗaya na girman cikinsa, wato gurbi mai inci ɗaya a tsawo da faɗi da zurfi. Bututun .50 mai tsayin inci 42 cikinsa ya kai wajen 8.25, lissafin ya ba da giren 95. Ba doka ba ce, kuma abin da ya wuce wannan lamba ba wai ba ya ƙonewa ba ne. Amfaninta ɗaya: tana nuna maka unguwar da ribar ƙarin albarushi kan fara raguwa. Na'urar auna gudu za ta gaya maka gaskiyar lamarin a taka bindigar.

Kowane mataki harbi biyar, a sabuwar takarda, a yadi 50. Harbi uku yaudara ne: sa'a kaɗai tana iya haɗa huji uku. Yadi 25 ya yi kusa, kusan kowane awo zai yi kyau a nan. Amfaninsa kawai ka tabbatar kana kan takarda. Yadi 100 kuma iska da ido suna shiga lissafin, ka bar shi sai ƙarshe. Ka zaɓi safiya mara iska, rana ba ta dukan saitin gaba daga gefe, domin hasken gefe yana jan ido zuwa ɓangaren da ke ƙyalli.

Kada ka taɓa saiti yayin gwaji. Ko harsasai suna faɗawa taƙi guda ƙasa da baƙin tsakiyar takarda, bar su. Abin da kake nema shi ne su taru, ba su bugi tsakiya ba. Gyaran saiti da zarto yana zuwa bayan an zaɓi awo, domin abin da zarto ya ci ba ya dawowa.

Ɗuri iri ɗaya, sau ashirin da biyar

Nan ne ya kamata a daɗe. Idan hannunka yana canza abu uku a kowane ɗuri, to ba albarushi kake gwadawa ba.

Kafin ɗurin farko, ka goge man ajiya daga bututu, ka zura sanda ka tabbatar babu tsohon ɗuri a ciki. Ka yi harbi ɗaya a gefe don bututun ya ɗan ɗauki dauɗa, saboda harbin bututu mai tsabta yakan faɗa wani wuri dabam. Maharbi ya rubuta inda wannan harbin ya faɗa, domin shi ne harbin da zai yi a daji.

Ka zuba albarushi daga ƙaho ko gwangwani zuwa ma'auni, ka rufe gwangwanin, sannan daga ma'auni zuwa bututu. Ba a taɓa zubawa kai tsaye daga ƙaho. Idan akwai ragowar garwashi a ciki, abin da zai tashi giren 70 ne ba fam guda a hannunka ba. Fuska da yatsu su kauce daga saitin baki. Awon nan kamar mudun kasuwa yake: na mai tozo da na mai shafewa duk mudu ne a baki, amma ba su zo ɗaya a buhu ba. Idan za ka ƙwanƙwasa ma'aunin albarushi ya zauna, ka ƙwanƙwasa sau nawa ɗaya kullum, ka shafe bakin. Ka auna awo biyar a sikeli ka ga bambancin hannunka. Lambar da ke jikin ma'auni ta cika ce, ba ta nauyi ba, kuma Swiss ya fi Goex nauyi a cika ɗaya, don haka ka rubuta duka biyun.

Ɗora ƙyalle mai mai a baki, ƙwallo a tsakiyarsa, ka shigar da gajeriyar sanda, sannan ka tura da doguwa a ɗan riƙo gajere-gajere, kada ta karye ta soke tafin hannu. Ka kai ƙwallon ya zauna daram a kan albarushi da matsi iri ɗaya. Ba a dukansa ana sake dukansa har sanda ta yi tsalle; wannan ɓata fuskar darma yake ya kuma niƙe ƙwayar albarushi. Amma dole ya zauna. Gurbin iska tsakanin ƙwallo da albarushi yana iya kumbura bututu ko ya fasa shi. Ka yi wa sanda alama a daidai baki idan ɗuri ya cika, da wata alamar ta bututu babu komai. Duk ranar da hira ta ɗauke maka hankali, alamar ce za ta gaya maka ko ka manta albarushi ko ka zuba sau biyu.

Fiye da rabin baƙin albarushi ba ya zama iska, dauɗa yake zama, wani ya fita da hayaƙi wani ya manne a ciki. Kowane harbi yana ƙara ta, bututu yana ƙara matsewa, gudu yana canzawa. Don haka a lokacin gwaji ka goge tsakanin harbi da harbi: ƙyalle mai ɗan danshi sau ɗaya ƙasa da sama, sai busasshe. Danshi kaɗan, ba jiƙewa ba, kuma abin gogewar ya shiga a sake ya fito yana jan dauɗar, in ba haka ba sai ya tura ta ƙasa ta toshe kafar wuta. Akwai gwanayen da ba sa gogewa sam, suna dogara ga ƙyalle mai jiƙe da matsi wanda ke share bututu a kowane ɗuri. Hanyar tana aiki. Abin da ba ya aiki shi ne gogewa yau a bari gobe. A busasshiyar iska dauɗar taurarewa take, a damshi kuma ta koma ruwa-ruwa har ta jiƙa kasko, don haka ka rubuta yanayin ranar.

Ka tsokale kafar wuta, ka goge ƙanƙara da ƙarfen ƙyastu, sai ka zauna bindiga tana kallon hari kafin ka sa albarushin kasko. Ka ɗora katakon gaba a kan buhun yashi a wuri ɗaya kullum, ka riƙe ta yadda za ka riƙe ta a tsaye, ka ja kunama a hankali ka ci gaba da kallon saiti har hayaƙi ya wuce. Idan kasko ya tashi bindiga ba ta tashi ba, bakinta ya ci gaba da kallon hari aƙalla minti ɗaya, domin wuta tana iya ci a ɓoye.

Na'urar auna gudu

Mai idanu biyu da harsashi ke wucewa ta samansu ka ajiye ta ƙafa 12 zuwa 15 daga baki. Kusa da haka hayaƙi da ƙyalle suna ruɗa ta, ta ba ka lambar banza ko ta ƙi ba da komai. Ka kare fuskarta da kwali ko katako, domin ƙyalle da ɓurɓushin wuta suna isa can. Ka kuma tuna saiti yana saman bututu, mutane da yawa sun harbe na'urarsu saboda manta wannan. Sababbin na'urori masu aiki da radar, irin LabRadar da Garmin Xero, a gefen mai harbi ake ajiye su, sun rage wannan wahala.

Ga .50 da ƙwallo, giren 50 yakan ba da wajen ƙafa 1,300 zuwa 1,500 a daƙiƙa, 90 zuwa 100 kuma ya kusanci 1,900 ko 2,000, gwargwadon tsayin bututu da irin albarushi. A kowane mataki lambobi biyu kake so: matsakaici, da tazarar da ke tsakanin mafi sauri da mafi jinkiri. A ce harbi biyar sun ba da 1,712, 1,698, 1,725, 1,705 da 1,720. Matsakaicinsu 1,712, tazara 27. Wannan ɗuri ne mai lafiya. A ce wani mataki ya ba da 1,850, 1,790, 1,905, 1,820 da 1,875: matsakaici 1,848, tazara 115. Gudu ya ƙaru, amma wani abu yana yoyo.

A yadi 50, bambancin ƙafa 50 a gudu ba ya matsar da huji sai ɗan abin da bai kai rubu'in inci ba ta fuskar faɗuwa. To me ya sa ake damuwa da tazara? Domin alama ce. Babbar tazara tana nufin ƙyalle yana yagewa, ko matsin hannu yana canzawa, ko dauɗa tana taruwa, ko kafar wuta ta buɗe, kuma waɗannan su ne ke watsa harsashi. Takarda ce ke yanke hukunci, na'ura tana bayyana dalili.

Ka kuma duba ribar kowane mataki. Idan daga 60 zuwa 70 ka sami ƙarin ƙafa 120, daga 90 zuwa 100 kuma 40 kacal, to goman ƙarshen nan hayaƙi da dauɗa da naushin kafaɗa ka saya da shi.

Tsinci ƙyallayenka

Bayan kowane mataki, idan fili ya zama lafiya a shiga, ka taka yadi 10 zuwa 15 gaban benci ka tsinto ƙyallayen da aka harba. Mai kyau gefensa ya ɗan tsefe, tsakiyarsa ya yi baƙi-baƙi ko ruwan ƙasa, amma babu huji, kamar a sake amfani da shi. Mai ƙananan yanka a zagaye, daidai inda tudun tsagi ya taɓa, yana nuna kaifin sabon bututu ko kaifin baki. Wannan yakan lafa da yawan harbi, ko a ɗan goge bakin ya yi santsi. Mai ƙonannen huji ko wanda ya zama tsumma yana nuna wuta tana wucewa ta gefe: ƙyallen ya yi siriri, ko man ya yi kaɗan. Sau da yawa za ka ga ƙyalle lafiya lau a 60 da 70, ya fara ƙonewa a 80, daidai inda harsasai suka fara watsewa. A nan ba bindigar ce ta ƙi 80 ba, ƙyallen ne ya gaza. Ka sa mai kauri ka maimaita tsanin daga farko, ba daga 80 ba.

Matse zaɓin

Auna kowane tari daga tsakiyar huji zuwa tsakiyar huji mafi nisa, ka rubuta a jikin takardar tare da awo, ƙyalle, mai da kwanan wata. Abin da aka saba gani shi ne tarin yana tsukewa, ya kai wani wuri, ya sake buɗewa. Wasu bindigogin suna da wuri biyu, ɗaya a ƙaramin awo ɗaya a babba, wanda alheri ne: na farko don takarda, na biyu don daji. Da saitin ƙarfe da ido mai lafiya, tarin inci 2 a yadi 50 abu ne mai kyau, inci 1 kuwa aikin gwani ne da bindiga mai kyau.

Idan 70 ya yi fice, ka dawo wata rana ka gwada 65, 70 da 75, ka juya jerin don kada gajiya da dauɗa su riƙa faɗa wa awo ɗaya kullum. Wanda ya ci sau biyu a ranaku dabam-dabam shi ne naka. Daga nan sai a taɓa sauran abubuwa, ɗaya-ɗaya: yawan man ƙyalle, ƙwallon .495, ko FFFg a madadin FFg. Mai komawa FFFg ya rage awo da kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari kafin ya sake hawa, domin ƙaramar ƙwaya ta fi saurin ci ta kuma fi matsi.

Sannan yadi 100. A nan ƙwallo yake nuna rauninsa. Wanda ya bar baki da ƙafa 1,800 a daƙiƙa yana isa can da kusan 1,100, daf da gudun sauti. Ƙarfin bugunsa ana samun sa ta ninka nauyi a giren da gudu, a sake ninkawa da gudun, a raba da 450,240: giren 177 a 1,800 ya ba da kimanin 1,270, a 1,100 kuma ya faɗo ƙasa da 500. Iska ta fi cin ƙwallo mai sauri, don haka ƙarin ƙafa 150 da ka sha wahalar samu a baki kaɗan ne daga cikinsa ke isa yadi 100. Iskar gefe mai gudun mil 10 a awa kuma tana iya kautar da shi wajen inci 10 a wannan nisa. Saboda haka maharbin da ke son ƙarin ƙarfi a nesa, babban ƙwallo ya kamata ya nema, irin .530 mai giren 224 na bindigar .54, ba ƙarin albarushi ba. Ina ganin haƙƙin dabba ne kada a harbe ta da awon da ba a tabbatar da inda yake faɗawa ba, kuma kada a wuce nisan da aka gwada a takarda.

Yanzu ne lokacin zarto. Idan tarin yana ƙasa, ka rage tsayin saitin gaba kaɗan-kaɗan, kana harbi tsakanin kowane shafa biyu ko uku. Idan yana gefe, ka matsar da saitin baya zuwa inda kake son harsashi ya koma. Da yawa sukan saita ta bugi inci 2 sama a yadi 50, don ta faɗo kusa da tsakiya wajen yadi 75 zuwa 100.

Kafin ka bar bindigar ta kwana, ka wanke ta. Dauɗar baƙin albarushi tana jan danshi, kuma dare ɗaya ya isa tsatsa ta fara. Ka toshe kafar wuta da tsinke, ka zuba ruwa, ka zubar, ka goge har ƙyalle ya fito fari, ka busar ka shafa mai, ka cire makunnin, wato ƙarfen da ke ɗauke da ƙanƙara da kasko, ka wanke bayansa. Ka wanke hannu kafin cin abinci saboda darma. Idan gwangwanin da ka yi gwaji da shi ya ƙare ka sayi wani, ko da na kamfani ɗaya ne, ka harba biyar ta gaban na'ura da biyar a takarda kafin ka amince da tsohon awo. Idan kuma kamfanin ne ya canza, kamar daga Goex zuwa Swiss, ka sauka da giren 10 ka sake hawa.